Sunan da Majo Ya Laƙaba Wa Babana

Ranar Laraba ce, tsakiyar watan takwas, shekarar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko. Tun da hantsi hadari ya haɗo ta wajen gulbi, kafin azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye bakin ɗakin Inna ina tarar ruwan indararo a bokiti, sai ga Baba ya fito daga mangaza, ɗakin ajiyar kayansa, a guje, buhun wake a kafaɗa, riga ta manne masa a baya. Iska ce ta ɗage kwanon mangazar ta kusurwa, ruwa na zuba kai tsaye a kan waken da ya ajiye tun kaka. Duk gidanmu ɗakin Inna ne kaɗai ba ya yoyo, saboda haka nan ya dinga jibge buhunan, ya jera su jikin bango har suka kusa taɓa rufi. Ƙanena Illa, ɗan shekara huɗu, yana biye da shi tsirara cikin ruwa, ya cika tafin hannu da waken da ya zube, wai shi ma taya Baba kwasa yake yi. Inna na ta yi masa tsawa ya shigo kada sanyi ya kama shi, shi kuwa sai dariya, haƙoran nan duk a waje. Ni ma dariyar nake yi. Da aka gama kwasa Baba ya zauna kan turmi yana haki, ya ce alhamdu lillahi, an tsira da wake.

Mu mutanen Gaya ne, gidanmu yana unguwar da ke gangarawa fadama. Baba, Mamman sunansa, ba wani babban ɗan kasuwa ba ne. Da kaka yakan bi ƙauyukan Junju ya sayi wake tiya-tiya ya adana, in damina ta yi nisa abinci ya yi wuya, sai masu saye su ƙetaro gada daga Malanbil su kwashe. Da wannan da ƴar gonar shinkafa muke ci. Inna ƴar Tunuga ce, ƴar masunta, Hausarta a cakuɗe take da Dandanci, in kuwa ranta ya ɓaci sai ta koma Dandancin zalla, kowa ya kama kansa. Mu biyu ne ƴaƴanta, ni da Illa, kuma tun da ya iya tafiya ya zama jelata. In za ni surfe yana nan, in za ni wanki bakin gulbi sai na goya shi duk girmansa, in aka tura ni korar tsuntsaye a gonar shinkafa shi ke riƙe gwangwanin da ake kaɗawa. Da hutu mukan bi yaran unguwa gindin giginya tsintar ƴaƴan da suka faɗo, mu dawo baki duk ja, Inna ta bi mu da muciya. Muruci kuwa, in ka ba Illa guda ɗaya ka saye shi na wuni.

A bakinmu mu yara, kalmomin rashin sani kayan wasa ne, jifan juna muke yi da su daga safe har yamma. In kika zubar da dutse a ƴar carafke, sakarya ce ke. Wanda Mushe, malamin ajinmu, ya tambaye shi abu ya tsaya yana kallon rufi, dolo ne, kuma sunan zai bi shi har filin shan iska. Wata ƴar uwarmu da ta zo daga ƙauye ta ga layin manyan motoci a bakin duwan, wato ofishin kwastan, ta tambaya ko biki ake yi, muka shekara muna yi mata dariyar gidadanci. Illa kuwa ranar da ya binne kan tarwaɗa a bayan ɗaki yana ba shi ruwa wai kifi zai tsiro, Baba da kansa ya ɗaga shi sama yana cewa wawan Baba, wawan Baba, shi kuma yana jin daɗi kamar sarauta aka naɗa masa. Duk waɗannan ba su da nauyi, ana faɗa ana mantawa. Guda ɗaya ce ba ma wasa da ita. Jahili a wa'azi kawai nake jin sa, in ana labarin mutanen da suka riƙa binne ƴaƴansu mata da rai, har na ɗauka jahilai wata ƙabila ce da ta ƙare tun zamanin Annabawa. Sau ɗaya na gwada kalmar a kan wata maƙwabciyarmu da ta hana ni ɗiban ruwa, Gwaggo Dije, yayar Baba, ta murɗe mini kunne har na ga taurari, ta ce ba a jifan mai salla da wannan.

Washegarin ruwan nan, ranar Alhamis, rana ta fito. Baba ya kwance buhunan da suka jiƙe ya shanya waken a tabarmi, a nan ya ga ƙwaro ya fara shiga. Ya tafi kasuwa ya sayo bom. Haka ake kiran maganin a wurinmu, wasu ƙwayoyi ne masu launin toka da ake cusawa cikin buhu su kashe ƙwaro. Masu tebur ke sayar da su tare da maganin ɓera, ƙulle a leda, ba kwali ba komai, kuma gargaɗinsu ɗaya ne ga kowa: kada yaro ya taɓa, kada a kai baki, a wanke hannu. Wallahi Baba bai ƙetare ko ɗaya ba. Ya kore mu zaure ni da Illa, ya naɗe kowace ƙwaya a tsumma, ya tura ta can tsakiyar buhu, ya ɗinke baki da basilla. Ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa da toka, ruwan wankin ma bai yarda a zubar a tsakar gida ba saboda kaji. Shekara da shekaru haka yake yi a mangaza, haka duk masu wake suke yi, wasu ma jikin buhunan suke shimfiɗa su yi barcin rana a rumfunansu. Da yamma ɗakin Inna, inda aka mayar da buhunan, ya ɗauki wani wari kamar tafarnuwa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Inna ta yi ƙorafi, Baba ya ce ai warin ne ke korar ƙwaron, zai wuce. Bayan magariba ruwa ya dawo da iska, Inna ta toshe taga da tsumma saboda feshi, ta ja ƙofa. Ni da ita muka kwana a gado, Illa a tabarma a ƙasa jikin buhunan, don har lokacin yana fitsarin kwance.

Da safe mu uku muka tashi da ciwon kai da amai. Ƙirjina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Mata suka shigo, wata ta ce kifin jiya ne, wata ta ce sanyin damina, wata ta rage murya ta ce Allah Ya sa ba amai da gudawa ba ne. Inna ta lallaɓa ta fita ta ɗora jiƙo a wuta. Ni kuwa na rarrafa bayan ɗaki na yi amai, na kasa dawowa, na kwanta a rumfa kan ƙasa mai laima, aka yi ta yi mini faɗa in koma ciki na ƙi, don taurin kai na gado ne a wurina. Illa yaro ne mai jin magana. Aka ce ya kwanta, ya kwanta. Aka lulluɓe shi da bargo aka rufe masa ƙofa don kada iska ta buge shi, kamar yadda ake yi wa kowane mai zazzaɓi. Baba ya zauna kusa da shi yana tofa masa addu'a har lokacin masallaci ya yi. Da ya dawo daga Juma'a ya tarar leɓen yaron ya yi shuɗi, numfashi sama-sama. Nan ya saɓe shi ya tsayar da ɗan kabu-kabu, aka ɗora ni da Inna a wani, muka nufi likita, wato asibitin garinmu.

Majo, wato babban ma'aikacin wurin, wani dogo ne mai farar riga. Ya karɓi Illa, ya sunkuya ya shinshini bakinsa, ya ɗago ya tambayi Baba abin da aka ajiye a ɗakin da muka kwana. Baba ya ce wake ne. Ya ce da bom a ciki? Baba ya ce e, amma yaron bai taɓa ba, shi da kansa ya ɗinke buhunan. Majo ya shige da Illa. Ni aka sa mini ruwa a hannu a kan wani benci a baranda, wurin cike da mata masu jiran awo da masu jinya. Kafin la'asar majo ya fito, gumi ya jiƙa masa riga, ya tsaya a gaban Baba, ya yi magana da ƙarfin da duk barandar ta ji.

"Ba ciwo ba ne ya kashe yaron nan. Iskar maganin ce ya shaƙa tun jiya. Jahilci ne, malam. Jahilcinka ne ya kashe shi."

Baba ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar. Yanzu da na girma na san majo ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma wataƙila ba Illa ne yaro na farko da ya mutu a hannunsa ta wannan hanya ba, baƙin ciki ne ya fito masa ta baki. Na san wannan. Amma har gobe ban yafe masa barandar ba. Akwai ofis a bayansa, da ƙofa.

Kafin a kai Illa makwancinsa maganar ta riga mu isa unguwa. A zaman makoki liman ya ce kwana ne ya ƙare, mutane suka amsa da amin, amma da sun fita zaure sai ka ji ana ƙus-ƙus. Masu wake ƴan uwansa, waɗanda da hannunsu suke cusa bom ɗin nan kullum, su ne suka fi kowa girgiza kai, wai yaya mutum da hankalinsa zai kwantar da yara da magani. A ranar aka yi ta fitar da buhuna daga ɗakunan kwana a unguwarmu, a ɓoye, ta ƙofar baya, na gani da idona. Ba wanda ya fito ya ce shi ma bai sani ba. Bayan sadakar bakwai Kawu Saini, yayan Inna, ya zo ya ce zai tafi da ita Tunuga ta huta, ya tafi da ita, hutun ya ƙi ƙarewa. Ni aka bar ni wurin Gwaggo Dije. Da aka koma lakwal, ranar farko a filin shan iska wata yarinya da muka yi faɗa kan igiyar tsalle ta ce mini ƴar jahili. Na yi mata dukan da sai da Mushe ya ɓamɓare ni daga kanta, ya zane ni, ban yi kuka ba. Kukan sai a hanyar gida, bayan wata katanga, inda ba mai ganina.

Bayan arba'in aka shirya biko. Baba da Gwaggo da wani dattijon unguwarmu suka tafi Tunuga, aka tafi da ni ko ganina zai sassauta zuciyar Inna. Maza suka zauna a rumfar ƙofar gida inda aka rataye taru, mu mata muna bayan zana muna jin komai. Inna ta rame, ta riƙe hannuna gam ba ta dube ni ba. Kawu Saini ya ce shi ba zai mayar da ƙanwarsa gidan jahili ba, likita ma ya faɗa a bainar jama'a, yau ɗa ne gobe ita ce, kuma ni ma so yake a bar masa ni. Dattijon ya yi ta ba da haƙuri da ƙaddara, Kawu ya ce ya san ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗinka buhu. Sai Gwaggo Dije ta ɗaga murya daga bayan zana, abin da mace ba ta yi a irin wannan zama. Ta ce a daina haɗa mata abu biyu. Wanda aka gaya wa ya toshe kunne daban, wanda ba a taɓa gaya wa ba daban. Na farkon ku kira shi abin da kuka ga dama, na biyun rashin sani ne, kuma rashin sani ba wanda ya fi ƙarfinsa, har mai farar riga akwai ranar da bai sani ba kafin a koya masa. Ta ce ƙanenta an ce masa hannu, ya wanke hannu, an ce masa baki, ya tsare baki, a nuna mata mutum ɗaya a kasuwar Gaya da ya taɓa ce masa hanci. Kawu ya ce wari fa, ai ko akuya ta ji wari takan ja da baya.

Ina leƙen Baba ta ɓular zana, kansa a ƙasa. Na ɗauka zai kama maganar Gwaggo ya tsira da ita, sai ya ce Saini ya yi gaskiya, ya ji warin, matarsa ma ta yi magana, shi ya ce zai wuce. Gwaggo ta dafe kai. A nan ne Inna ta saki hannuna ta miƙe, ta tsaya bakin zana, ta yi magana da Hausa don kowa ya ji.

"Yaya, ni na toshe tagar. Ni na lulluɓe shi na ja masa ƙofa. In Mamman jahili ne, to jahilai biyu ne a gidanmu, sai ka nema mini inda za ka kai ni ni ma."

Ta shiga ɗaki ta ɗauro ƙullin kayanta. A ranar muka dawo Gaya mu duka.

Na so in ce daga nan komai ya daidaita, amma ƙarya zan yi. Inna ta dawo, Baban da na sani bai dawo ba. Ya bar sana'ar wake, ya koma gonar shinkafa kaɗai, gidan ya shiga ƙunci, har takalmin lakwal sai Gwaggo ta saya mini. Kuma ya kamu da ciwon tambaya. In aka kunna maganin sauro sai ya kashe, ya ce wa ya san abin da ke cikin hayaƙin. In Inna ta sayo sabon sabulu sai ya juya shi ya kira ni in karanta masa abin da ke jiki, ni da Faransancina na aji huɗu. Taki, kananzir, garin da ake zubawa a rijiya, ba abin da bai tsare mutane da tambaya a kansa ba. Ranar kasuwa yakan je layin masu wake ya tsaya, duk wanda ya ga ya sayi bom sai ya bi shi yana cewa kada ka kai ɗaki, iskar ce, ba taɓawar ba. Wasu su yi godiya, wasu su ce Allah Ya ba shi lafiya, masu tebur kuwa korarsa suke yi wai yana kashe musu ciniki. Yara suka sa masa Mai Bom. Ina jin kunya in na hango shi a can, nakan canja hanya da tallan ƙosaina, kuma ina jin tausayinsa har cikin ƙashina. Mutumin da ke ɗaga yaro sama yana dariya ya koma wanda ko jikokinsa bai yarda ya ɗauka ba, wai hannunsa ba shi da kyau.

Yau ina sayar da atamfa, ina ƙetare gadar nan kusan kowane mako. Gaya ta cika ta batse, unguwarmu da ke bakin fadama ta zama tsakiyar gari. An kawo buhuna masu leda a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, ana kuma yin gargaɗi a rediyo, ƴata ƙarama ma ta san iskar bom tana kisa. Duk da haka ana nan ana sayar da shi a tebur, ƙulle a leda. Kalmar jahili kuwa ta yi araha. A waya, a tasha, a layin famfo, mutum ya saɓa maka ra'ayi kaɗan sai ka ce masa jahili, a yi dariya a wuce. Ni bakina ba ya iya ɗaukarta. Ina da zafi, kowa ya shaida, na zagi ƴan kabu-kabu da masu awon yadi da sunayen da ba zan rubuta a nan ba, amma wannan ko sau ɗaya. In na ji an ce wasu yara sun mutu a wani gari ta wannan hanya, mutane suna ta Allah wadai da iyayen, ni uban nake tunani, da inda zai sa kansa gobe da safe.

Baba ya rasu da daminar bara waccan, bayan Inna da ƴan shekaru. A jinyarsa ta ƙarshe ni ke zama da shi da rana. Wata rana bayan azahar ina ba shi kunu a cokali, ya kawar da kai, ya kira sunana. Tun rasuwar Illa bai taɓa yi mini maganar ba sai ranar.

"Zuwaira, ke da kika yi karatu. Da a ce na tambaya a ranar nan, akwai wanda zai gaya mini?"

Na so in ce masa babu, don ya samu ya huta. Amma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana gudun amsar da aka faɗa don a kwantar da hankali, kuma zai gane. Na ce masa ban sani ba, Baba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya gyaɗa kai ya buɗe baki na ba shi kunun. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinsa na bi tsofaffin masu wake da suka rage a kasuwa ɗaya bayan ɗaya ina tambayarsu, tsakaninsu da Allah, ko a wancan lokacin sun san iskar tana kisa. Yanzu da ba ya nan, ba wanda ya ji nauyin faɗa. Kowannensu ya ce a'a, a kan ɗan Mamman suka sani.

Na samo masa amsarsa, na rasa wanda zan kai wa.